Yadda Ake Sa Wa 'Yar Tsanar Saƙa Idon Roba

Abin da na ɗauki alƙalami in yi bayani a kansa ɗan ƙanƙanen abu ne, wani ma bai kai ƙwayar gurjiya girma ba, watau idon roba da ake sa wa 'yar tsanar da aka saƙa da kwarashi. Na san wani zai yi dariya ya ce, duk abubuwan da ke cikin duniya a rasa abin rubutu sai idon 'yar tsana? To, a yi mini haƙuri a ji. Duk wahalar da mai saƙa ta sha, ko kwana bakwai ta yi tana fama da zare, ido ne zai fid da ita kunya ko ya ba da ita, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Ban da wannan kuma, a duk jikin 'yar tsana babu abin da ya kai ɗan idon nan haɗari ga ƙaramin yaro, shi ya sa na ga ya kamata iyayenmu su ma su ji.

Saƙa dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun muna ƙanana muke ganin yayyenmu da gwaggwanninmu da kwarashi a hannu suna saƙa hula da safa da rigar sanyi ta jarirai, a kai gidan suna. 'Yar tsana ita ma mun gaje ta, ta kara ko ta ƙashi ko ta tsumma. Abin da yake sabo shi ne haɗa su biyun, a saƙa ɗan zomo ko kyanwa ko giwa, a cusa masa auduga ya tashi ɓul-ɓul. Mutanen Japan su suka yi suna a wannan sana'a, suna kiranta amigurumi, sunan da suka haɗa daga kalmominsu biyu, ɗaya tana nufin saƙa, ɗaya kuma 'yar tsanar da aka cusa. Bayan shekarar 2000 ne ta bazu cikin duniya ta hanyar intanet, har ga shi ta iso ajinmu na aikin hannu, wasu daga cikinmu ma sun fara samun na sabulu da ita lokacin hutu.

Domin mu fahimci juna, bari in faɗi sunayen da zan yi amfani da su. Kowane ɗauri guda da kwarashi ya yi zan kira shi ƙulli. Kan 'yar tsana ana saƙa shi ne zagaye-zagaye kamar ɗinkin faifai. A fara da ƙulli 6, zagaye na biyu 12, na uku 18, haka ana ƙara shida-shida har ya kai faɗin da ake so, sa'an nan a yi 'yan zagaye ba ƙari, daga nan a shiga ragewa har baki ya rufe. Tsakanin ƙulli da ƙulli akwai 'yar ƙofa. A riƙe zancen ƙofar nan da kyau.

Shi kuwa idon, kashi biyu ne. Na farko kamar ƙusa yake, yana da kai mai ƙyalli wanda ake gani a fuska, da wutsiya mai gaɓoɓi kamar na rake. Na biyu wani ɗan zobe ne mai faɗi, na roba ko na ƙarfe, irin wanda makanikai ke sawa a bayan noti, shi zan kira makulli. Ana zura wutsiya ta waje, ta ɓullo ta ciki, a danna makulli a kanta. Gaɓoɓin nan a karkace aka yi su, gefe ɗaya gangare, ɗaya gefen tsaye, saboda haka makulli yana zamewa ya shiga, amma in zai dawo sai ya ci karo. Dabara ɗaya ce da ta ƙugiyar kamun kifi. Ana sayar da idanun bisa ga faɗin kansu, akwai na milimita 6, da 8, da 9, da 10, da 12, da 15, har sama da 20.

Ɗan abin nan yana da tarihinsa. A shekarar 1902 aka fara yin 'yar tsanar nan mai siffar dabbar beyar a Jamus da Amurka, kusan lokaci guda, aka yi mata suna tedi daga laƙabin shugaban Amurka na zamanin, Theodore Roosevelt. Na farko-farko da baƙin maɓallin takalmi aka yi musu ido. Daga baya aka koma idon gilashi da aka ɗora a kan waya, wanda yaro kan iya fizgowa, ko gilashin ya fashe ko wayar ta soke shi. Sai a 1948 wata mata mai suna Wendy Boston, mai masana'antar 'yan tsana a Wales cikin Birtaniya, ta fito da idon roba wanda ake kullewa ta baya. Ita ce kuma a 1954 ta yi tedin da ake wankewa ɗungum bai lalace ba. Da yake idon nata ya fi na gilashi aminci nesa ba kusa ba, sai Turawa suka sa wa irinsa sunan da ke nufin ido marar haɗari, da sunan nan ake sayar da shi har yau.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Masu masana'antu sun yi idon nan ne domin yadi, ba domin saƙar hannu ba. Yadin tedi aikin inji ne, matsattse, in aka huda shi da basilla hujin yana nan yadda yake. Saƙar kwarashi kuwa ba sai an huda ta ba, ƙofofi ce tun asali, kuma zarenta yana miƙewa. Makulli bai cika rabuwa da wutsiya ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙofar ta yi ta buɗewa, yau ja, gobe tauna, jibi wanki, har ran da ido da makullinsa za su fito tare, a kulle yadda aka sa su, ba abin da ya karye. Mai saƙa ta rantse ta kulle shi da kyau, kuma gaskiyarta ce. Duk dabarun da zan faɗa nan gaba, maganin ƙofar nan ake nema. Zan yi magana da 'yar'uwata mace, in akwai namiji mai sha'awa sai ya mai da "ki" ta zama "ka".

Aikin ido yana farawa tun kafin ki sayo ido. Kwarashi yana da lamba bisa ga kaurinsa, kuma a takardar da ke naɗe da zare akan rubuta lambar da ta dace da shi. Wannan lamba ta riga ce da hula, masu son laushi. In 'yar tsana za ki saƙa ki sauka ƙasa, watau in an rubuta 4 ki ɗauki 3, domin saƙar ta matse. Bayan kin yi 'yan zagaye, ɗaga ta ki duba wajen hasken rana. In kina hango haske kamar ta rariya, ta yi sako-sako, auduga za ta leƙo, ido kuwa ba zai zauna ba, gara ki warware tun da wuri. Zaren auduga ba ya miƙewa sosai. Zaren ulu na roba, wanda ya cika kasuwa, ya fi shi miƙewa. Wanda ya fi duka wuyar sha'ani shi ne zaren nan mai kauri mai laushi kamar karan-miski, wanda 'yan mata suka fi so saboda daɗin taɓawa. Ƙofofinsa manya ne, ga santsi, ga gashinsa yana zubewa ya bar tsiraran zare.

Game da girma, ga yadda nake yi. In kai ya kai ƙwan kaza, nakan sa na milimita 6. In ya kai lemon zaƙi, na 9 zuwa 12. In ya kai kwakwa, na 15 ko 18. Amma a lura, ƙaramin ido ƙaramin makulli gare shi, don haka kada a sa ƙaramin ido a saƙa mai kaurin zare. Tilas makulli ya fi ƙofa faɗi sosai, ya hau bisa ƙullin da ke kewaye da ita ta ko'ina.

Sai wurin da za a sa shi, nan kuwa kyau yake. Kusan kowace sabuwar hannu a can sama take ɗora ido, kusa da inda kunnuwa za su zauna, domin haka muke zato fuska take. Alhali ko a babban mutum, in an auna daga haɓa zuwa tsakar ka, ido a tsakiya yake. A jariri ma ya fi haka sauka, goshi ya cinye fili. Wani masanin halayen dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya yi bayani a 1943 cewa siffofin nan na jariri, watau babban kai, da faffaɗan goshi, da manyan idanu a ƙasa-ƙasa, da kumatu, su ne ke sa zuciyar mutum ta yi taushi ya ji yana son ɗauka. Ku duba ɗan akuya ko ɗan kyanwa za ku ga haka. Saboda haka in kina so zomonki ya yi kama da yaro, sa idanun a tsakiyar kai ko ƙasa kaɗan, ki ba su tazara. In kika ɗaga su sama kika matse su, sai ya fito kamar dattijon da aka ci bashinsa. Alal misali, kan da aka fara saƙawa daga sama, ya kai ƙulli 36 a zagaye na 6, aka yi wasu zagaye shida ba ƙari, nakan sa idanunsa tsakanin zagaye na 10 da na 11, in bar ƙulli shida ko bakwai a tsakaninsu.

Lokacin sawa shi ne bayan kin fara ragewa, amma baki bai tsuke ba, yatsunki suna shiga. In kika bari ya rufe, babu ta inda makulli zai bi. Fara cusa auduga sama-sama tukuna, domin kan da ba a cusa ba kamar buhu ne ba kaya, siffarsa tana sakewa da zarar ya cika. Ki juya inda kike fara kowane zagaye ya koma ƙeya, don a nan saƙa take da ɗan tudu. Sa'an nan ki soka fil mai kai guda biyu a inda kike zaton idanun. An ce ido ba mudu ba ya san ƙima, gaskiya ne, amma duk da haka ki ƙidaya, ki tabbata a zagaye ɗaya suke, kuma hanci zai faɗo daidai tsakiyarsu. Ajiye kan bisa tebur, ja da baya taki uku ki duba. Wata dabarar kuma ki duba shi ta madubi, ko ki ɗauki hotonsa, domin idon da ya daɗe yana kallon abu yakan saba da karkatarsa. In kin gamsu, cire fil ki zura idanun ba makulli, ki sake dubawa. Yanzu ne kike da ikon sauya ra'ayi sau goma, bayan an kulle kuwa sai haƙuri.

Wutsiya ta bi ta ƙofa, tsakanin ƙulli da ƙulli. Kada ta tsaga zare biyu, kada kuma ki kuskura ki sa almakashi don ki buɗe mata hanya, domin zare ɗaya ne ya saƙa kan duka, in ya yanke sai warwara. In ƙofar ta matse, alheri ne, ɗan taɓa ta da gindin kwarashi kawai, wutsiyar ta shiga da ƙyar.

Ga abin da mutane da yawa ba sa yi, shi ne kuwa mafi amfani. Kafin ki sa makulli, zazzage audugar, ki sa wa idon ƙyalle ta ciki. Nemi guntun yadi mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, kamar kaki ko tsohon wandon jins, ko irin wanda ake yin hular dara da shi. Yanko shi ya fi makulli faɗi sosai, kamar marfin kwalbar lemo, ki huda tsakiyarsa da basilla. Na ce basilla, domin ita ture zaren yadi take yi gefe, almakashi kuwa yanka yake, kuma abin da aka tsaga ba ya rasa ƙara tsagewa. Zura wutsiya cikin hujin, sa'an nan makulli ya biyo baya. Kin ga ke nan kin mai da wa idon yadin da aka yi shi dominsa, mai ja kuwa sai ya jawo ƙyallen duka ta 'yar ƙofa kafin ido ya fito. Ni na fi son in yanko ƙyalle ɗaya dogo in huda shi wuri biyu, idanun duka su zauna a kansa, kowanne ya zama jingina ga ɗan'uwansa. Sai dai a bar masa ɗan sassauci a tsakani, don kada ya tattare fuska in an cusa auduga.

Yanzu sai kullewa. Ninka tsumma bisa tebur, kifa idon a kai don kada ya ƙarje, ki ɗora makulli a bakin wutsiya daidai, kada ya karkata. Danna da manyan yatsunki biyu. Za ki ji ƙas, ƙas, yana wuce gaɓoɓi. Ci gaba har ya danne ƙyalle da saƙa, ta yadda in kin kama idon ta waje ba ya juyawa sakaka. Wani makullin yana da taurin kai, musamman na ƙananan idanu. Maganinsa ki jiƙa shi cikin ruwan zafi minti ɗaya ko biyu robar ta yi laushi, ko ki kifa kwarkwaron zaren da ya ƙare a kansa, wutsiya ta shige ramin, ki danna da tafin hannu. Bututun tsohon biro ma yana yi. Haƙori dai ba kayan aiki ba ne.

Ta wace fuska makulli ke shiga? Na ƙarfe yana da 'yan haƙora kewaye da hujinsa, su za su dubi bakin wutsiya, su ba saƙa baya, ta haka suke zamewa wajen shiga su ciji roba wajen fita. Na roba yawanci shimfiɗaɗɗiyar fuskarsa ce ke kwanciya a jikin saƙa, mai tudun ta dubi ciki. Akwai kuma mai siffar ɗan ƙoƙo wanda ake kifawa bakinsa ya rungumi bayan idon, ya sa idon ya ɗan nutse cikin fuska. Tun da masu yin su daban-daban ne, duk sa'ad da kika sayo sabon ƙunshi ki sadaukar da guda ɗaya, ki gwada a guntuwar saƙa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada kuma ki haɗa idon wannan ƙunshi da makullin wancan, ko da lambarsu ɗaya, don kaurin wutsiya yakan bambanta. Abin da za a riƙa wankewa, makullin roba ya fi, na ƙarfe yana iya yin tsatsa ya ɓata zare.

In aka kulle sa'an nan aka ga ido ya karkace, hanya ɗaya ce, a sa filaya ta ciki a datse makullin ko wutsiyar, a ɗauko sabo. Makullin da aka ɓamɓaro da ƙarfi bakinsa ya riga ya buɗe, kada a sake amfani da shi.

Akwai masu kara wa bakin wutsiya wuta, ta narke su danne ta ta baje, don makulli ya rasa hanyar fita. Ni ban ga ribar wannan ba. An toshe ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba, ga kuma kasada, domin zaren roba narkewa yake, audugar rimi kuwa ba ta wasa da wuta ko kaɗan. Haka nan gam. Wanda muke kira sufa gulu in ya haɗu da auduga ko ulu yakan ɗauki zafi, wani lokaci har da hayaƙi, ya ƙona yatsa, in ya bushe kuma zaren ya sandare ya riƙa karyewa. Idanun nan masu ƙwayar da ke rawa a ciki, waɗanda ake mannawa da gam, na aikin takarda ne da kwali, ba su da wuri a jikin abin da yaro zai runguma.

Bayan an kulle sai a mai da auduga, a cusa ta sosai kewaye da wutsiyoyin, don in an bar wurin fanko ido yakan sunkuya ko ya harari gefe. Daga nan a ƙarasa saƙa a rufe.

To, iyayenmu, ga inda nake so ku ba ni aron kunnenku. Duk abin da na faɗa rage haɗari yake yi, bai kawar da shi ba. A Amurka akwai hukumar kula da amincin kayan masarufi, wadda aka kafa a 1972. Tana da wani ɗan bututu na gwaji, faɗin bakinsa milimita 31.7, zurfinsa daga 25.4 a gefe ɗaya zuwa 57.1 a ɗaya gefen, an yi shi ne ya kwatanta maƙogwaron yaron da bai kai shekara uku ba. Duk abin da ya shige bututun nan gaba ɗaya, doka ta hana a same shi a kayan wasan irin wannan yaro, ko da kuwa wajen gwaji ne ya ɓalle daga jikin abin wasan. Ku auna da idanunmu na milimita 6 zuwa 20, babu wanda ba zai faɗa ciki ba, har da makullinsa. A ƙasashen Turai kuma, ƙa'idarsu mai suna EN 71 ta ce a kama irin wannan abu a murɗa, a kuma ja shi da ƙarfin da ya kai kamar nauyin kilo 9 har daƙiƙa 10, in faɗinsa ya wuce milimita 6. Watau kamar a rataya wa idon jarkar ruwa mai lita goma da ta kusa cika. Bugu da ƙari, duk 'yar tsana mai laushi da aka yi don runguma, a can ana ɗaukarta ta 'yan ƙasa da shekara uku ce, kome mai ita ya rubuta a jiki. Wa ke cikinmu ta taɓa yi wa zomonta wannan jarrabawa? Ko ta yi ya ci yana sabo, wa zai faɗi halinsa bayan wata shida a hannun mai fid da haƙori?

Me ya sa aka tsaya a shekara uku? Yaro ƙarami da baki yake sanin duniya, kome ya samu can zai kai. Turamen haƙoransa ba su gama fitowa ba, hanyar numfashinsa kuwa faɗinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsansa ba, tarinsa kuma ba shi da ƙarfin da zai tunkuɗo abu. Abu mai santsi mai kewaye shi ya fi iya toshe ta tsaf, kuma 'yan mintoci kaɗan ba iska sun isa su taɓa ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka ɗan girma su kuma hanci da kunne suke cusawa.

Masu sayar da irin wannan saƙa a ƙasashen waje sukan rataya mata takarda cewa ba ta 'yan ƙasa da shekara uku ba ce. Ya kamata mu ma mu riƙa faɗa wa mai saye, amma ina ganin a wurinmu takarda ba ta isa ba. A gidajenmu abin wasa ba shi da mai shi guda ɗaya. 'Yar shekara bakwai da aka ba zomo, ita ce mai goyon ƙaninta, in ya yi kuka da zomon za ta rarrashe shi. Ta tafi makaranta ta bar shi bisa tabarma, ɗan maƙwabta mai rarrafe ya iso. Don haka ni ba na tambayar shekarun wanda za a ba, nakan tambayi shekarun ƙaramin cikin gidan. Idon roba na abin ajiyewa ne a kabad, da abin rataya makullai, da kyautar ƙawa, da kayan nunin makaranta. Amma kayan barka, da duk abin da zai shiga gidan da ke da mai rarrafe, idon zare za a yi masa. Maɓalli da dutsen ado ma hukuncinsu ɗaya da na roba, sun ma fi shi saurin tsinkewa.

Idon zare ba shi da wuya, kuma ana yin sa ne bayan an cusa kai an rufe. Samu baƙin zare mai ƙarfi, irin na ɗinkin hula, ki fara jiƙa guntunsa ki goga a farin ƙyalle don ki ga ko yana zuba. Zura shi a doguwar allura, ki soka ta ƙeya ko ta wuya, ki bar jelar zare a waje, allurar ta ɓullo a wurin ido. Ki yi ɗinki gajere bisa ƙulli ɗaya, ki maimaita sau biyar ko shida a wuri guda har ya taru ya yi tudu kamar ƙwaya. Ratsa ta ciki zuwa wurin ɗaya idon ki yi haka, da adadi ɗaya. Sa'an nan ki mai da allurar ta fita ta ainihin ƙofar da ta shiga, ki ƙulle zaren da jelar da kika bari sau biyu, ki yanke, ki tura ƙullin ciki da gindin kwarashi ya ɓace. Ɗigon farin zare a gefen sama na kowane ido yana sa shi ya yi kamar mai rai, amma ɗigon su kasance a gefe ɗaya, in ba haka ba sai ya zama mai harara-garke. In ana son mai barci, ɗan lanƙwasasshen layi ne da gashin ido biyu ko uku, ya kuwa dace da jariri. Ɗinkin dai ya zama gajere, ya kwanta, kada ɗan yatsa ya sami abin saƙalawa. Akwai kuma gidajen da ba sa son a yi wa 'yar tsana fuska sam, sai a tambaya kafin a soma, aiki ma ya ragu.

'Yan tsanan da suka riga suka shigo gida, na saƙa ko na kanti, don Allah a riƙa duba su, musamman bayan wanki. A kama ido a ja da ƙarfi, a murɗa. In ya ɗago har ana hango gefen makulli, ko zaren kewaye ya tattaune, ko robar ta tsage don daɗewa cikin rana, a ɗauke abin daga hannun yara, a cire idanun duka biyu a ɗinka na zare.

In kuwa tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, aka ga yaro ya shaƙe, muddin yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin. In ya kasa kuka ya kasa numfashi, jariri a kifa shi bisa hannu, kansa ya fi ƙirjinsa sauka, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar, a juya shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau biyar, a yi ta maimaitawa ana neman hanyar asibiti. Wanda ya wuce shekara ɗaya, bayan bugun baya sai a rungumo shi ta baya a danna saman cibiyarsa ciki da sama. Kada a ɗura masa ruwa, kada a zura yatsa ana lalube abin da ba a gani ba, kada kuma a sa tsinke a hanci ko kunne. Ko da tarin ya lafa, in an nemi idon ba a gan shi ba, a kai yaron wurin likita, domin abu yakan wuce ya maƙale can cikin huhu, sai bayan kwanaki tari da zazzaɓi su taso. Roba sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙirji, saboda haka a tafi da 'yar tsanar, a nuna wa likita ɗaya idon da ya rage, ya san girman abin da yake nema.